Dakta Busia: ya iya haƙurin faɗuwa zaɓe, nasara ce ta ba shi wuya

A Nima da Maamobi, da ka ambaci sunan Busia a gaban dattijo, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne 1969, shekarar da aka ba baƙi mako biyu su tattara nasu ya nasu. Yaranmu na makaranta kuwa sunansa kawai suka sani cikin jerin shugabannin Gana. Ni ina ganin ya kamata mu san mutumin gaba ɗayansa, musamman yanzu da jam'iyyar da ke tinƙaho da gadonsa ta sha kaye a zaɓen Disambar 2024, ga shi kuma ɗan takararta, Dakta Mahamudu Bawumia, Musulmi ne. Busia Kirista ne mai riƙo da addininsa, mai ra'ayin mazan jiya, wanda ya daɗe yana shan kaye kafin ya ɗanɗana mulki.

An haifi Kofi Abrefa Busia ranar 11 ga Yuli 1913 a Wenchi, cikin gidan sarauta. A hannun 'yan mishan na cocin Metodis ya fara karatu, daga nan ya wuce Mfantsipim a Cape Coast, sannan kwalejin horar da malamai ta Wesley a Kumasi. Da alli ya fara neman abinci, kamar ni da abokan aikina, ya koyar a Wesley da Achimota. Daga baya ya tafi jami'ar Oxford a Ingila, ya yi digirin farko a can a 1941, ya gama na dakta a 1947. Bincikensa a kan matsayin sarki ne a tsarin mulkin Asante na zamani, aka buga shi littafi a 1951. A 1942 yana cikin 'yan Afirka biyu na farko da Turawa suka ba muƙamin jami'in mulki na gunduma, shi da A. L. Adu. Shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar farfesa a kwalejin jami'a ta ƙasar nan. Duk da wannan boko bai bar coci ba, mai wa'azi ne na sa-kai a Metodis.

Ra'ayinsa a siyasa daga nan ya samo tushe. Yana ganin sarauta da dangi da addini su ne turakun da ke riƙe da al'umma, ba a tumɓuke su don gaggawar gina sabuwar ƙasa. Kwame Nkrumah da jam'iyyarsa ta CPP kuwa a wurin matasa da matan kasuwa da ma'aikata ƙarfinsu yake, kuma so suke a tattara iko a tsakiya. Talaka ya fi jin yaren Nkrumah. A zaɓen 1954 CPP ta kwashe kujeru fiye da 70 cikin 104, jam'iyyar Busia, GCP, ta tashi da kujera ɗaya tak, tasa ta Wenchi. A zaɓen 1956 ya tsaya ƙarƙashin NLM, wadda aka kafa a Kumasi tana neman tsarin tarayya. Nan ma CPP ta ci 71, NLM ta samu 12. Jam'iyyar mutanen Arewa ta S. D. Dombo ta fi su kujeru, tana da 15, amma Dombo ya bar wa Busia jagorancin 'yan adawa.

To, me ya yi da wannan kaye? Abu na farko, bai yi fushi da al'adar mutanensa ba, bai kuma shige coci ya rufe ƙofa ba. A 1955, a wani taro da majalisar Kiristocin ƙasar ta shirya a Accra kan Kiristanci da al'adun Afirka, ya nuna wa shugabannin coci cewa muddin ba su fahimci yadda ɗan Afirka ke kallon duniya da kakanni da mutuwa ba, addinin zai tsaya ne a fatar baki. Na biyu, ya nemi abokan tafiya, kuma a nan ne hanyarsa ta haɗu da tamu.

Mutanen Zango a lokacin suna da jam'iyyarsu, MAP, ta Musulmi, wadda ke da ƙarfi a Accra da Kumasi, kuma tana ɓangaren adawa. Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai a 1957, gwamnatin Nkrumah ta kori manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Najeriya. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Shari'a ba ta ƙare ba majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka rufe maganar. 'Yan adawa, waɗanda Busia ke jagoranta, su ne suka tsaya suka ce wannan zalunci ne. A ƙarshen shekarar aka yi dokar hana jam'iyyun ƙabila da na addini da na yanki, sai MAP da NLM da jam'iyyar Arewa da wasu ƙanana suka dunƙule suka zama UP, Busia na gaba. Ku riƙe wannan a zuciya: akwai lokacin da mai wa'azin Metodis da alhazan Zango suka kwana a inuwa ɗaya, abu ɗaya na cin su.

A 1958 aka kawo dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Busia ya ga inda aka dosa, ya fice daga ƙasar a 1959. Abokin tafiyarsa J. B. Danquah, wanda ya zauna, a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965. Shekara bakwai Busia ya yi a waje, yana koyarwa a Holan, sannan a Oxford, kuma bai ajiye alƙalami ba. Ya fitar da littafi kan ƙalubalen da ke gaban Afirka a 1962, da wani kan ilimi mai manufa a 1964, da wani kan dimokuraɗiyya a 1967. Majalisar coci-coci ta duniya ma ta ba shi aikin binciken cocin birnin Birmingham, ɗan Wenchi ya zauna yana auna addinin Turawan da suka kawo wa iyayensa bishara. Amma akwai abin da masu sukarsa ba su yafe masa ba har yau: a 1956 ya je Landan yana neman kada a ba da 'yanci sai an daidaita tsarin mulki, a 1962 kuma ya kai ƙarar gwamnatin Nkrumah gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka.

Sojoji suka hamɓarar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, Busia ya dawo gida. Aka ba shi shugabancin cibiyar wayar da kan jama'a kan haƙƙin ɗan ƙasa, ya zaga lunguna yana koyar da dimokuraɗiyya, mutane suna ƙara saninsa. A zaɓen 29 ga Agusta 1969, wanda aka hana CPP shiga, jam'iyyarsa ta PP ta lashe kujeru 105 cikin 140. Mai haƙuri ya dafa dutse, ya zama Firayim Minista.

Bai cika wata uku da cin zaɓe ba, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatinsa ta fitar da umarnin da aka sani da Aliens Compliance Order: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama, ya samo ta cikin kwana 14 ko ya bar ƙasa. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun kai wajen kashi 12 cikin 100 na mutanen Gana. Hujjar gwamnati ita ce rashin aikin yi, da fasa-ƙwauri, da miyagun laifuka. Amma wa ke da takarda a Zango? Kakanninmu da fataucin goro da shanu suka zo, wasu da aikin soja da ɗan sanda tun zamanin Turawa, tun babu wata ƙasa mai suna Gana. Dubun-dubatar Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosi da Kotokoli suka cika tashoshin mota da bakin iyaka, an sayar da gida da rumfar kasuwa a kuɗin banza. Tsofaffin gidanmu har gobe suna lissafa maƙwabtan da suka hau lori ba su sake dawowa ba, ciki har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A 1970 aka bi da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan ƙasa kaɗai. Abin da aka yi wa mutum biyu a 1957 ya kira shi zalunci, sai ga shi an yi wa jama'a ɗungurungum da sa hannun gwamnatinsa.

Ba a nan kaɗai aka ga canji ba. Gwamnatinsa ta sallami ma'aikata 568 a 1970, da kotu ta ba ɗaya daga cikinsu gaskiya, sai Busia ya fito ya nuna ba za a tilasta masa mayar da kowa aiki ba. Ya kuma goyi bayan tattaunawa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A yi masa adalci dai: ya mai da hankali ga raya karkara, kuma ya gaji tulin bashi, ga farashin koko ya faɗi. A Disambar 1971 ya karya darajar sidi da kashi 44 cikin 100. Ranar 13 ga Janairu 1972, yana Ingila wajen ganin likita, Kanar Acheampong ya kifar da shi. A Oxford ya rasu ranar 28 ga Agusta 1978, kabarinsa na Wenchi. Shekara biyar bayan haka, a 1983, Najeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya. Abin da ka shuka, ai shi za ka girba.

Magadansa a siyasa sun daɗe suna ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka: reshen Nasara na jam'iyyar NPP, da Alhaji Aliu Mahama a kujerar mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, da ma'aikatar raya Zango a 2017. Duk da haka tabon bai goge ba, don har yau yaron da kakansa a Nima aka haife shi yakan sha tambayar asalinsa idan ya je neman takardar shaida.

Ni abin da na ɗauka daga rayuwar Busia kashi biyu ne. Mai addini idan ya faɗi zaɓe, akwai aikin da ya fi zagi da ƙunci: karatu, rubutu, koyarwa, da neman abokai a wajen masallacinsa ko cocinsa. A wannan Busia malami ne, kuma mu da muke tsiraru mun fi kowa bukatar darasin. Kashi na biyu shi ne, 'yan'uwa, duk wanda ya zo Zango yana kukan an zalunce shi yana neman ƙuri'armu, mu saurare shi da kyau, sannan mu tambaye shi me zai yi wa marar takarda da marar gata ranar da hatimi ya dawo hannunsa. Allah Ya ba mu shugabanni masu tuna jiya.