Austin Bradford Hill: Majinyacin da Ya Koya wa Likitoci Ƙididdiga

Kusan duk sabon maganin da hukumomin lafiya ke amincewa da shi a yau sai ya bi ta gwajin da ake raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutumin da ya kafa wannan tsari a fagen likitanci, Austin Bradford Hill, bai taɓa zama likita ba.

An haife shi a Landan ranar 8 ga Yuli, 1897. Mahaifinsa, Leonard Hill, shahararren masanin aikin gaɓoɓin jiki ne, kuma burin ɗan shi ne ya karanci likitanci. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse wannan buri. Ya shiga aikin tuƙin jirgin sama a rundunar sojan ruwan Birtaniya, aka tura shi yankin tsibiran Girka, inda tarin fuka ya kama shi. Aka dawo da shi gida ba a sa ran zai tashi. Ya tashi bayan doguwar jinya, amma jikinsa ba zai iya ɗaukar wahalar karatun likita ba, don haka ya yi digirin tattalin arziki daga gida.

Major Greenwood, aminin mahaifinsa, ya jawo shi binciken lafiyar ma'aikatan masana'antu. Daga nan ya bi shi zuwa Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, wadda ke horar da masu karatun gaba da digirin farko. Ɗalibansa likitoci ne masu gudun lissafi, sai ya riƙa koyar da su da harshe mai sauƙi: yadda ake zaɓen waɗanda za a bincika, yadda ake kwatanta rukuni da rukuni, da yadda ake gane sakamakon da dace kawai ya haifar. A 1937 mujallar Lancet ta buga darussan nan bi da bi, aka tattara su littafi da aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta samu ɗan kaɗan na sabon maganin tarin fuka, streptomycin, wanda ba zai wadaci kowa ba. Hill ya tsara a raba majinyata da lambobin ƙuri'a da aka rufe cikin ambulan, domin kada son ran likita ya shiga zaɓen. Sakamakon da aka buga a 1948 ya nuna cewa cikin wata shida mutum 4 suka rasu daga 55 da suka samu maganin, alhali 14 suka rasu daga 52 da aka bari kan hutun gado kaɗai.

A 1950 shi da Richard Doll suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu daga majinyatan asibitocin Landan 20. Da masu shakka suka yi ca, sai suka aika wa likitocin Birtaniya takardun tambaya a 1951, kimanin 40,000 suka amsa, aka ci gaba da bibiyar abin da ke kashe su. Rahoton 1954 ya ƙarfafa binciken farko.

A laccarsa ta 1965 ya zayyana abubuwa 9 da ake dubawa kafin a ce wani abu ne musabbabin cuta, ciki har da ƙarfin alaƙar, maimaituwarta a wurare daban-daban, da zuwan sanadi kafin cutar. Ya kuma yi gargaɗin cewa rashin cikar ilimi ba hujja ba ce ta jinkirta matakin da shaidar da ke hannu ta wajabta, gargaɗin da ya shafi masu tsara manufofin gwamnati kamar yadda ya shafi likitoci.

An karrama shi da muƙamin Sir a 1961. Ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 93.