Rayuwar Likita Lambo, Jagoran Masu Binciken Taɓin Hankali a Afirka

An haifi Thomas Adeoye Lambo a shekarar 1923 a garin Abekuta, cikin ƙasar Yarbawa ta Nijeriya. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sa'an nan ya ƙware kan cututtukan taɓin hankali a birnin Landan.

A wannan zamani, galibin abin da aka rubuta game da hankalin baƙar fata ya fito ne daga alƙalamin likitocin mulkin mallaka. Wasunsu har suna cewa ƙwaƙwalwar ɗan Afirka ba ta kai ta Bature ba. Marasa lafiya kuwa, tsare su ake yi kamar ƴan kaso.

Da Lambo ya komo gida, sai ya kama aiki a asibitin Aro, kusa da Abekuta. A 1954 ya ɓullo da wata sabuwar dabara. Ana saukar da maras lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, tare da wani ɗan'uwansa mai jinyarsa. Da rana ya je asibiti a yi masa magani, da maraice ya koma cikin jama'a. Lambo ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, don su ne mutane suka sani, suka kuma amince da su.

Ya gane cewa magani ba ya inganta sai da bincike, bincike kuwa sai da kuɗi da ƙwararrun ma'aikata. Saboda haka ya haɗa gwiwa da masanan Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bincika yawan masu wannan larura a cikin Yarbawa, aka buga sakamakon a 1963. A 1961 ya shirya taron farko na likitocin taɓin hankali na Afirka a Abekuta. Ya horar da ɗalibai a Jami'ar Ibadan, ya kuma shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. Daga nan ya tafi Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, inda ya zama mataimakin babban darekta har 1988. Ya rasu a 2004.

Ya ku masu karatu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wajibi ne magabata su ware kuɗi don horar da ƴaƴanmu, su binciki cututtukanmu da kansu, cikin harsunan da marasa lafiyarmu suke ji.