Samuel Mbappé Léppé: Marshal ɗin Duwala da ya fara ɗaga kofin zakarun Afirka

A unguwar Akwa da ke tsakiyar birnin Duwala akwai filin ƙwallo mai suna Stade Mbappé Léppé. Matasa da yawa na zaton an sa masa sunan ne saboda ɗan wasan Faransa Kylian Mbappé. Mai sunan na ainihi ya rasu shekara 13 kafin a haifi Kylian. Shi ne Samuel Mbappé Léppé, kyaftin ɗin ƙungiyar Oryx ta Duwala, wanda a ranar 7 ga Fabrairun 1965 ya zama ɗan wasa na farko da ya ɗaga kofin zakarun kulob-kulob na Afirka.

Garin da aka haife shi

An haifi Mbappé Léppé a Duwala ranar 28 ga Fabrairun 1936, lokacin da Faransa ke mulkin mafi yawan ƙasar Kamaru. Duwala ta wancan zamani gari ne da ya rabu gida-gida. A bakin kogin Wouri akwai manyan gidajen sarautar 'yan ƙasa, wato Bell da Akwa da Deido, kowanne da yankinsa da sarkinsa. Can baya kuma akwai New Bell, unguwar baƙi.

New Bell ta samo asali ne daga ƙwacen ƙasa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka yanke shawarar tashin mutanen Bell daga tudun Joss, inda Bonanjo take a yau, domin su mayar da wurin unguwar Turawa. Suka ware musu wani wuri nesa da bakin ruwa, suka kira shi Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, ya kai ƙara har majalisar dokokin Jamus, daga ƙarshe aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Bayan Jamusawa sun tafi, yawancin mutanen Bell ba su zauna a sabon wurin ba, suka fi karkata zuwa Bali da Bonapriso. Sai New Bell ta zama masaukin duk wanda ya zo neman abinci: Hausawa fatake da mahauta da malamai, Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa, Ewondo, da mutanen Najeriya da sauran ƙasashen yammacin Afirka. Har gobe akwai yankin da ake kira New-Bell Haoussa, kuma a wannan shiyya ce babban masallacin Duwala da babbar kasuwa suke.

Ƙwallon ƙafa ma haka ta bi wannan rabo. Mutanen Akwa suna da Caïman, wato kada. Mutanen Deido suna da Léopard, wato damisa. Mutanen Bell kuwa suna da Oryx, wadda aka kafa a 1927, aka ba ta sunan dabbar da Bahaushe ke kira mariri, mai dogayen ƙahonni. Idan biyu daga cikinsu suka haɗu, martabar gida ce ake karewa, kuma wanda aka ci sai ya sha gori har wasa na gaba. A cikin wannan hamayya Mbappé Léppé ya tashi, ya shiga Oryx a shekarun 1950, kuma da rigarta aka san shi har ya bar wasa.

Yadda ya zama Marshal

Ɗan wasan tsakiya ne, mai jiki da ƙarfin bugu, wanda ke tsara wasa daga baya ya kuma hau gaba ya ci ƙwallo. Abin da ya fi fito da shi shi ne iya jagoranci a fili. Daga nan magoya baya suka laƙaba masa Maréchal, muƙamin soja da ya ɗara na janar, kuma laƙabin ya bi shi har ya kusan danne sunansa na yanka.

Ƙuruciyarsa ta zo daidai da shekarun da Duwala ke tafasa. A garin aka kafa jam'iyyar UPC mai neman 'yanci a 1948. A watan Mayun 1955 aka yi tarzoma mai muni wadda New Bell ta kasance cibiyarta, bayan haka Faransa ta haramta jam'iyyar. Kamaru ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1960 ƙarƙashin Ahmadou Ahidjo ɗan Garwa, sannan ta haɗe da Kudancin Kamaru da ke hannun Ingila ranar 1 ga Oktoban 1961. Sabuwar ƙasa tana neman abin da zai haɗa kan mutanenta, ƙwallo kuwa na cikin abubuwa ƙalilan da kowa ke fahimta ba tare da tafinta ba.

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, FECAFOOT, a 1959. Da aka fara gasar ƙasa bayan 'yanci, Oryx ce ta lashe ta a 1961. Caïman ta karɓe a 1962, sai Oryx ta dawo ta ci sau uku a jere: 1963 da 1964 da 1965. Ta ƙara a 1967, ya zama sau biyar cikin shekara bakwai. Ta kuma ɗauki Kofin Kamaru a 1963 da 1968 da 1970. A wannan zamani Oryx na da gwanaye irin su Walter Moumi Ebellé da Emmanuel Koum da matashi Jean-Pierre Tokoto, amma Marshal ne ke gaba.

Tafiyar Gana

Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, wadda aka kafa a Khartoum a 1957, ta ƙirƙiro gasar zakarun kulob-kulob a 1964. An raba nahiyar shiyya-shiyya, aka shirya cewa ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe za su haɗu a Gana. Kofin kansa sunan shugaban Gana Kwame Nkrumah yake ɗauke da shi, domin Nkrumah na ganin ƙwallo a matsayin hanyar haɗa kan Afirka.

Ƙungiyoyin huɗu su ne Oryx daga tsakiyar Afirka, Stade Malien ta Bamako, Cotton Factory Club ta Dire Dawa a Habasha, da mai masaukin baƙi Real Republicans ta Accra. Kowa ya sa ran kofin zai kwana a Gana. Real Republicans ƙungiya ce da gwamnati ta gina ta hanyar tsinto fitattun 'yan wasa daga sauran kulob-kulob na ƙasar, a ƙarƙashin kulawar daraktan wasanni Ohene Djan, kuma a lokacin Gana ce ke riƙe da kofin ƙasashen Afirka da ta ci a 1963. Ita Oryx ta haɗu da ita a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke ta da ci 2 da 1 a gaban jama'arta. Stade Malien ta fitar da ƙungiyar Habasha.

Ranar 7 ga Fabrairun 1965, a filin wasa na Accra, Oryx ta ci Stade Malien 2 da 1. Mbappé Léppé, yana dab da cika shekara 29, ya karɓi kofin. Shekara biyu kacal ke nan da Kamaru ta shiga CAF.

Girman abin yana ƙara fitowa idan aka duba maƙwabta. Gana ba ta ɗauki wannan kofi ba sai a gasar 1970, ta hannun Asante Kotoko. Najeriya ta jira har 2003 kafin Enyimba ta Aba ta kawo shi, bayan Rangers ta Inugu ta sha kashi a wasan ƙarshe na 1975. Gasar da Oryx ta buɗe ita ce aka sake wa fasali a 1997 ta koma gasar zakarun Afirka ta yau, wadda Kano Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a cikinta a 2009.

Oryx ta koma kare kambunta a 1966, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda AS Real ta Bamako, mai ɗauke da matashi Salif Keïta, ta fitar da ita.

Wanda ya zauna a gida

Tun kafin 'yanci hanyar Faransa a buɗe take ga gwanayen Kamaru. Eugène N'Jo Léa ya tafi Saint-Étienne a 1954, ya ci gasar Faransa da ita a 1957, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan ƙwallon Faransa a 1961. Zacharie Noah ya ci Kofin Faransa da Sedan a wannan shekara. Daga Oryx ɗin kanta, Tokoto ya tafi Marseille, daga baya Bordeaux da Paris Saint-Germain, Koum ma ya haye. Mbappé Léppé bai tafi ba.

Zaman gida yana da tsada. Ƙwallon Kamaru a lokacin ba sana'a ba ce mai albashi da kwantiragi. Attajiran unguwa da magoya baya ne ke riƙe da kulob, ɗan wasa kuma abin da yake samu bai wuce ɗan ihsani da suna ba. Saboda haka mutumin da ya ci gasar ƙasa sau biyar ya kuma kawo kofin nahiya ya bar fili ba tare da wata dukiyar kirki ba.

Ya kuma yi wa ƙungiyar ƙasa wasa a shekarun da take ɗora harsashi, tun kafin a ƙara wa Zakunan Kamaru laƙabin marasa tanƙwaruwa a 1972. A ƙarshen zamaninsa ne Kamaru ta fara zuwa gasar cin kofin ƙasashen Afirka, a Sudan a 1970, inda ta ci Kwaddibuwa da Habasha, ta faɗi a hannun Sudan, aka fitar da ita da bambancin ƙwallaye.

Lokacin New Bell

Yayin da tauraron Oryx ke dusashewa, na unguwar baƙi ke fitowa. Union Sportive de Douala, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1950 kuma New Bell ce gidanta, ta ci gasar ƙasa karon farko a 1969. 'Yan kasuwar Bamileke ne ƙashin bayanta, laƙabinta kuwa Nassaras Gamakaï. 

A 1979 Union ta ɗauki kofin da Marshal ya fara ɗagawa, bayan ta doke Hearts of Oak ta Accra a bugun fenariti. A 1981 ta ƙara da kofin masu riƙe da kofunan ƙasa, a kan Stationery Stores ta Legas. Canon ta Yawunde ta ci kofin zakarun sau uku, a 1971 da 1978 da 1980, Tonnerre kuma ta ɗauki kofin masu kofuna na farko a 1975. Oryx kuwa tun 1967 ba ta sake cin gasar ƙasa ba, daga baya ma ta gangara ƙananan rukunoni.

Mbappé Léppé ya rayu ya ga Kamaru ta je gasar cin kofin duniya karon farko a Sifaniya a 1982, ta dawo ba a ci ta ko wasa ɗaya ba, ya kuma ga ta ɗauki kofin Afirka na farko a Abidjan a 1984 bayan ta doke Najeriya 3 da 1. Ya rasu ranar 25 ga Disamban 1985, yana da shekara 49.

Bayan rasuwarsa

Filin Akwa, wanda a can ne gidan Caïman, babbar abokiyar hamayyar Oryx, shi aka sa wa sunansa. An gyara filin gabanin gasannin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a 2021 da 2022. A bikin karrama gwanayen shekarar 2015 da CAF ta yi a Abuja cikin Janairun 2016, an ba shi lambar gwarzon tarihi na Afirka tare da Charles Kumi Gyamfi na Gana, shekara 30 bayan rasuwarsa.

Kofin Nkrumah da ya ɗaga a Accra yana Gini, domin Hafia ta Konakiri ta riƙe shi dindindin bayan ta ci gasar karo na uku a 1977. Jerin zakarun nahiyar kuwa, wanda yanzu manyan ƙungiyoyi irin su Al Ahly ta Masar da TP Mazembe ta Kwango suka cika, da sunan Oryx ta Duwala yake farawa.