Nana Asma'u da Mutanen Gidansu

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekara ta 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar.

Tun tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta ta rasu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello. Ta haka Asma'u ta shaƙu da Bello tun tana yarinya, ko da yake ya girme ta da shekara goma sha biyu.

Gidan nan gidan karatu ne. Shehu yana koyarwa, ƙanensa Abdullahi yana koyarwa, mata kuma ba a bar su baya ba. Shehu ya sha zargin malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a gida. Saboda haka Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Yayarta Hadiza ma malama ce.

Ba ta daɗe cikin zaman lafiya ba. A 1804, tana da shekara kamar goma sha ɗaya, Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi tsakaninsu da Yunfa, Sarkin Gobir. Ta ga yunwa da ciwo da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ga Asma'u ke nan, wa yana sarauta, miji yana waziri. Da ta so, da ta zauna ta huta. Amma akwai abin da ke damunsu su ukun. Littattafan Shehu sun sha yawo cikin yaƙi, dole a tattara su a kwafe kafin su salwanta. Ban da wannan, an cika garuruwa da mutanen da ba su jin Larabci, da yawansu ko Fillanci ba su ji. Matan ƙauye da waɗanda aka kamo a yaƙi suna nan riƙe da bori. In ba a kai musu karatu da harshensu ba, wahalar da aka sha ta zama ta banza.

Sai aiki ya rabu a tsakaninsu. Bello ya rubuta littafi da Larabci game da salihan mata na dā, Asma'u ta mai da shi waƙa da Fillanci, sa'an nan da Hausa, don mai daka da mai kaɗi su iya haddacewa. Ita ce kuma ta juya waƙar Shehu zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, Giɗaɗo ya rubuta labarin Shehu da na Bello da Larabci, ita kuwa ta tsara labarin hijira da yaƙe-yaƙe cikin waƙa. Ƙanenta Isa, autan Shehu, ya riƙa mai da waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa. Waƙar Gewaye ta hannunsa ta zo ga Hausawa.

Waƙa a takarda ba ta zuwa ƙauye da kanta. Don haka Asma'u ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan zo da 'yammata da tsofaffi daga ƙauyensu, su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan aure da ba su iya fita. Su ne ake kira 'Yan Taru.

Allah ya yi mata tsawon rai, har ta ga rasuwar yawancin waɗanda ta taso da su. Ta yi wa Bello marsiyya, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello. Abin lura, ba manya kaɗai ta yi wa ba, har da maƙwabta da ɗalibanta waɗanda ba su da sarauta. Ɗanta Abdulƙadir ya gāji mahaifinsa a waziranci, shi ma ya riga ta.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta koma Sakkwato bayan rasuwarsa, ita ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Takardun Asma'u kuwa suka zauna a gidan Waziri, hannu zuwa hannu, har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Rubuce-rubucenta da suka tsira sun kai wajen sittin.