AL-KINDI: MALAMIN DA YA GANO YADDA SIRRI YAKE TONA KANSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Yau za mu ɗauko tarihin wani malami da ba kasafai ake jin sunansa a majalisanmu ba, alhali abin da ya gano shekara sama da 1,100 da suka wuce yana da alaƙa da wayar da ke hannunka da katin banki da ke aljihunka. Shi ne Abu Yusuf Ya'aƙub bin Ishaƙ Al-Kindi, wanda ake wa laƙabi da Failasufin Larabawa.

ASALINSA

An haife shi a Kufa, ƙasar Iraƙi, wajajen shekara ta 185 bayan Hijira, wato 801 Miladiyya. Ɗan babban gida ne. Mahaifinsa Ishaƙ bin Sabbah ya yi gwamnan Kufa a zamanin halifa Mahdi da Haruna Rashid. Nasabarsa tana komawa ga Ash'as bin Ƙais, shugaban ƙabilar Kinda wanda ya jagoranci tawagar mutanensa zuwa Madina wajen Manzon Allah (SAW) a shekara ta 10 bayan Hijira. Daga sunan ƙabilar ne aka samo Al-Kindi.

Da ya tasa sai ya koma Bagadaza, lokacin ita ce cibiyar ilimi. Zamanin halifa Ma'amun ne (813 zuwa 833), ana ta fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Al-Kindi ya tara mafassara a kusa da shi, su fassara, shi kuma ya duba ya gyara Larabcin ya daidaita kalmomin. Bayan Ma'amun, halifa Mu'utasim (833 zuwa 842) ya jawo shi jiki har ya damƙa masa ɗansa Ahmad ya karantar da shi.

Mutum ne da bai tsaya a fanni ɗaya ba. Ibn Nadim a littafinsa Al-Fihrist ya lissafa masa rubuce-rubuce sama da 200. Ya yi rubutu a kan lissafi da lambobin Indiya, da yadda ido yake gani, da auna ƙarfin magunguna idan an haɗa su, da haɗa turare, da nau'o'in takubba, har da wata risala a kan dabarar kore baƙin ciki. Mafi yawansu sun ɓace.

A ɓangaren falsafa kuwa, malamai sun yi magana a kansa, Imamu Zahabi ma ya ambata cewa an tuhume shi a addininsa. A ɗaya gefen kuma, rubuce-rubucensa da suka iso mana sun nuna ya saɓa wa Aristo a kan dawwamar duniya, ya kafa hujja cewa duniya fararriya ce, tana da Mahalicci. Wannan bahasi ne mai zaman kansa. Abin da ya kawo mu yau wata ƙaramar risala ce ta daban.

RISALAR WARWARE RUBUTUN SIRRI

Daular Abbasiyya faɗi gare ta. Wasiƙa takan yi makonni a hanya tsakanin halifa da gwamnoninsa, ta bi ta hannun mutane da yawa. Don haka magatakarda suka saba ɓoye saƙo: a musanya kowane harafi da wani harafi ko wata alama, ta yadda in ta faɗa hannun maƙiyi ba zai gane komai ba. Mu ma mun san irin wannan a gida. Yaranmu suna zaurance, su cusa wani gaɓa a tsakiyar kalma don kada babba ya gane. Malamanmu na ajami kuma sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin ramzi, haruffa su tsaya a madadin lambobi.

Al-Kindi ya rubuta risala mai suna Risala fi Istikhrajil Mu'amma, wato yadda ake fito da ma'anar rubutun da aka ɓoye ba tare da an ba ka mabuɗinsa ba. Ita ce mafi daɗewar rubutu da ya iso mana wanda ya bayyana wannan dabara.

Ga yadda take. Kowane harshe yana da ɗabi'a. Wasu haruffa suna yawan maimaituwa, wasu sai jefi-jefi. A Larabci alif da lam su ne kan gaba, ko don yawan "al" a farkon kalmomi. To sai ka samo wani dogon rubutu na yau da kullum a wannan harshe, ka ƙirga sau nawa kowane harafi ya fito, ka jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Sannan ka koma kan wasiƙar sirrin ka ƙirga alamominta haka nan. Alamar da ta fi yawa, mai yiwuwa ita ce harafin da ya fi yawa. Daga nan sai ka bi a hankali, kana gwadawa kana gyarawa.

Mu kwatanta da Hausa don a fi ganewa. A ce wani ya rubuta wa abokinsa wasiƙa da boko, ya mayar da kowane harafi wata alama. Kai da ka tsinci takardar, ƙirga kawai za ka yi. Alamar da ta cika takardar ita ce "a", babu tantama. Sai ka nemi gajerun kalmomi masu harafi biyu da suka ƙare da ita: da, na, ya, ta, ba. Sannan ka tuna Bahaushe da wuya ya fara wasiƙa ba da sallama ba. Ka ga layin farko ma ya ba ka haruffa da dama kyauta. Kafin la'asar ka karanta wasiƙar tas.

Duka waɗannan hanyoyi Al-Kindi ya kawo su: ƙirga haruffa, lura da haruffan da suke yawan haɗuwa da waɗanda ba sa taɓa zama kusa da juna a kalmar Larabci, da kuma hasashen kalmomin da aka saba buɗe wasiƙa da su, irin su basmala. Ya kuma yi gargaɗi cewa sai rubutun ya yi tsawo ƙirgar take aiki, gajeren saƙo yana iya yaudarar mai ƙirga.

Darasin da ke ciki shi ne, mai ɓoye saƙo ya canja wa haruffa riga, amma ɗabi'arsa da ta harshensa tana nan a ƙasa. Ita take tona shi.

JARRABAWAR DA YA SHIGA

Kusanci da fada yana da tsada. A zamanin halifa Mutawakkil (847 zuwa 861) abubuwa suka juya masa. Ibn Abi Usaibi'a ya ruwaito cewa Muhammad da Ahmad, 'ya'yan Musa bin Shakir, waɗanda su ma manyan masana lissafi da ƙere-ƙere ne, sun ƙulla masa sharri a wajen halifa. Aka yi masa duka, aka kwashe littattafansa gaba ɗaya aka ware su a wani ɗaki da aka riƙa kira Al-Kindiyya.

Sai Allah Ya kawo sanadi. Halifa ya ba waɗannan 'yan uwa aikin haƙa wata babbar hanyar ruwa, wanda suka wakilta ya yi kuskure a awon zurfinta, ruwa ba zai gudana yadda ake so ba. Halifa ya yi barazanar gicciye su a bakin hanyar ruwan in kuskuren ya tabbata, ya kuma sa masanin taurari Sanad bin Ali ya je ya duba. Suka zo suna roƙonsa ya rufa musu asiri. Shi Sanad tsakaninsa da Al-Kindi ma akwai 'yar tsama, amma sharaɗin da ya gindaya musu shi ne su mayar wa mutumin da littattafansa tukuna. Suka mayar. Ba a jima ba aka kashe Mutawakkil a 861, maganar ta mutu.

Al-Kindi ya ƙarasa rayuwarsa nesa da fada, ya rasu a Bagadaza wajajen 260 bayan Hijira, 873 Miladiyya.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Malamai sun ɗora a kan aikinsa, irin su Ibn Adlan a ƙarni na 13 da Ibn Duraihim a ƙarni na 14, wanda Ƙalƙashandi ya ɗebo bayanansa ya zuba a Subhul A'asha. A Turai ma dabarar ƙirga haruffa ta yi aiki har ta ci rai: a 1586 aka warware wasiƙun sirrin Sarauniya Maryamu ta Sikotilan, aka kafa mata hujja da su, aka sare kanta a 1587. Ita kuwa risalar Al-Kindi tana kwance a ɗakin littattafai na Sulaimaniyya a Istanbul, sai a 1987 wasu masana suka buga ta a Dimashƙa, duniya ta san ashe tun ƙarni na 9 an yi wannan aiki.

Da masana suka tabbatar duk salon da mutum ya ƙirƙira da kansa ana iya gano shi, sai suka canja hanya. A 1883 wani masani, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'ida cewa kada tsaro ya dogara da ɓoye salon, ya dogara da mabuɗi kaɗai. A 1976 Diffie da Hellman suka fito da tunanin mabuɗi biyu, a 1977 tsarin RSA ya biyo baya. Misalinsa kamar kwaɗo ne da makullinsa. Kwaɗon ka raba wa kowa, duk mai son aiko maka da saƙo ya datse akwati da shi. Makullin kuwa yana wajenka kai kaɗai. Shi ake kira mabuɗin sirri.

To wannan mabuɗi, mutum ba ya zaɓensa da kansa. Injiniya zai buɗe baƙin allon nan na kwamfuta da ake rubuta umarni, ya buga layi ɗaya, kamar ssh-keygen ko openssl genrsa. Nan take kwamfuta za ta jawo lambobi marasa tsari, tamkar ƙuri'a, ta gina mabuɗin da su. Mabuɗi mai bit 256 lamba ce da tsawonta yake kaiwa alƙaluma 78. Me ya sa ake barin na'ura ta zaɓa? Saboda abin da Al-Kindi ya nuna. Ɗan Adam in an ce ya zaɓa, abin da ya saba zai zaɓa, abin da aka saba kuwa ana ƙirga shi.

Ko na'urar ma in ƙuri'arta ta lalace, an shiga uku. A 2008 aka gano wani gyara da aka yi wa OpenSSL a tsarin Debian tun 2006 ya rage hanyoyin samo lambobin, har mabuɗan da ake samarwa na kowane nau'i ba su wuce kusan 32,000 ba. A ido mabuɗan dogaye ne kamar kullum, amma ɓarawo zai iya gwada su duka cikin ɗan lokaci. Dole aka yi ta zubar da su ana sake sababbi a duniya baki ɗaya.

INA RUWANMU?

Wani zai ce, Malam, mu nan Zoza da Rogo da Karaye ina mu ina baƙin allo? Ai kowannenmu yana riƙe da ɗan ƙaramin mabuɗi. Lambar katin ATM ɗinka mabuɗi ce. Lambar buɗe manhajar banki mabuɗi ce. Lambar da ake turo maka ta saƙo kafin kuɗi su fita mabuɗi ce. Matasanmu masu harkar kirifto, kalmomi 12 ko 24 da aka ba su su ne dukiyar gaba ɗaya.

Yanzu duba yadda muke zaɓa. Shekarar haihuwa. 1234. Ƙarshen lambar waya. Sunan ɗan fari. Ɗan damfara ba ya buƙatar ilimin Al-Kindi duka, shafinka na Facebook ya ishe shi. Wani kuma ranar kasuwa ya miƙa wa mai POS kati, ya faɗi lambar da ƙarfi a gaban layi. Wata baiwar Allah a kira ta a ce daga banki ne, ta karanto lambar da aka turo mata, kuɗin da aka tara na taki ko na aurar da yarinya su tafi a minti biyu.

Don haka, 'yan uwa: kada lambarka ta zama abin da maƙwabcinka zai iya cankowa. Kada ka yi amfani da lamba ɗaya a ko'ina. Ka buga lambarka da hannunka, ka kare da ɗaya hannun. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri, duk wanda ya tambaya ka kashe wayar. Kalmomin kirifto a rubuta a takarda a adana, kada a ɗauki hotonsu, kada a tura su ta WhatsApp ko da ga aboki ne. Mu kuma da muka iya, mu zauna da iyayenmu da matanmu mu koya musu, don su aka fi cuta. Wanda kuma aka ba shi lambar tsoho ko mara lafiya don ya taimaka ya ciro masa kuɗi, ya sani amana ce a wuyansa.

Ɗalibanmu na Islamiyya da masu karatun Larabci, ku lura da inda wannan ilimi ya faro: daga sanin haruffan Larabci da ƙirga su. Wanda ya iya nahawu da sarfu bai yi nisa da lissafi ba. Ƙofar a buɗe take ga mai himma.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.