Mareshal Pétain: Gwarzon Verdun da ya miƙa wa Hitler hannu

Idan aka ce matsoraci, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne sojan da ya ga yaƙi ya juya da baya. Philippe Pétain, mareshal na Faransa, ba wanda ya taɓa zarginsa da gudun harsashi. Amma har yau Faransawa da yawa na ɗaukarsa a matsayin shugaban da ya durƙusa wa mai ƙarfi, ya bar marasa gata suka biya kuɗin durƙuson.

An haife shi ranar 24 ga Afrilu 1856 a ƙauyen Cauchy-à-la-Tour, arewacin Faransa, a gidan manoma. Ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr a 1876. Ƙarin girma ya yi masa tafiyar hawainiya, don ya saɓa da manyansa: su suna koyar da a afka wa abokin gaba da ƙarfin zuciya, shi kuwa yana ganin wutar igwa ta fi ƙarfin kowace zuciya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kanal ne mai shekara 58, yana dab da ritaya.

Yaƙin ne ya fito da shi. A Fabrairu 1916 Jamus ta kai gagarumin farmaki a Verdun, aka ɗora masa tsaron garin. Ya tsara hanyar Bar-le-Duc motoci na kai abinci da harsasai dare da rana, ya kuma riƙa sauya rundunoni don kada a bar soja a bakin daga har ya ƙare. Verdun ba ta faɗi ba. A 1917, bayan mummunar asarar Chemin des Dames, inda sojojin Afirka ta Yamma da yawa suka rasa rayukansu, rundunoni suka ƙi komawa fagen fama. Aka ba Pétain jagorancin sojan ƙasar. Ya gyara abinci, ya ƙara hutu, ya daina tura mutane farmakin banza, ko da yake an harbe wasu daga cikin masu boren. A Nuwamba 1918 aka naɗa shi mareshal. Shi aka tura Maroko a 1925 don murƙushe Abdulkarim da mayaƙan Rif.

Da ya mutu a wannan lokaci, da labarinsa na jarumi ne kawai. Amma ya yi tsawon rai har ya ga 1940, lokacin da Jamus ta karya sojan Faransa cikin makonni shida ta shiga Paris ranar 14 ga Yuni. Firaminista Paul Reynaud na son a koma Afirka ta Arewa a ci gaba da yaƙi. Pétain, mai shekara 84, ya ƙi. Ya karɓi gwamnati, ranar 17 ga wata ya nemi a daina faɗa ta gidan rediyo, ranar 22 aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta. Ranar 10 ga Yuli ƴan majalisa 569 suka miƙa masa cikakken iko a garin Vichy, 80 suka ƙi.

Tsagaita wutar kaɗai ba ta isa a kira shi matsoraci ba. Sojan ya watse, miliyoyin jama'a na gudun hijira a kan hanyoyi, yawancin Faransawa sun yi ajiyar zuciya. Abin da ya biyo baya shi ne ya ɓata masa suna. Ranar 3 ga Oktoba 1940 gwamnatinsa ta fitar da dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati da koyarwa da aikin jarida, ba tare da Jamus ta nema ba. Ranar 24 ga watan ya gaisa da Hitler hannu da hannu a Montoire, bayan ƴan kwanaki ya shelanta bin tafarkin haɗin kai da Jamus. A Yuli 1942 ƴan sandan Faransa ne suka kame Yahudawa kusan 13,000 a Paris cikin kwana biyu, fiye da 4,000 daga cikinsu yara. Kimanin Yahudawa 75,000 aka kwashe daga Faransa zuwa sansanonin Jamus, ƙalilan ne suka dawo. Pétain bai fito fili ya ce a'a ba, bai kuma ajiye mulki ba.

Wannan zamani ya taɓa ƙasarmu. Gwamna janar na Dakar, Pierre Boisson, ya bi Vichy, saboda haka Nijar ta kasance ƙarƙashin Pétain har ƙarshen 1942. Najeriya kuwa na hannun Ingila, wadda ke ci gaba da yaƙi, sai iyakar da ke tsakanin Maradi da Katsina, da Damagaram da Kano, ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba. A maƙwabciyarmu Cadi, gwamna Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyane, ya bi Janar de Gaulle tun Agusta 1940. Ba shi da sandar mareshal, ba shi da babbar runduna, kuma ya san abin da zai iya samunsa idan Jamus ta ci yaƙi. Zaɓin da Éboué ya yi ya nuna cewa akwai wata hanya ban da ta Vichy.

A 1944 Jamusawa suka tafi da Pétain Sigmaringen. A Afrilu 1945 ya dawo ta Suwizalan da ƙafarsa ya miƙa kansa, yana da shekara 89, alhali ya san hukuncin kisa na iya jiransa. A kotu an kare shi da cewa garkuwa ya zame wa Faransa don rage mata azaba. Ranar 15 ga Agusta 1945 aka yanke masa hukuncin kisa bisa laifin haɗa baki da abokan gaba. De Gaulle, wanda ya fara aikin hafsa a ƙarƙashinsa a Arras, ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Ya mutu a tsibirin Yeu ranar 23 ga Yuli 1951 yana da shekara 95.

Wanda ya dawo ya fuskanci alƙalai ba mai tsoron mutuwa ba ne. Abin da ya ji tsoro shi ne fushin mai ƙarfi da rasa kujera, kuma duk lokacin da aka matsa masa, wani ya miƙa a madadinsa: Bayahude, ɗan gwagwarmaya, matashin da aka tura aikin tilas Jamus. Garkuwar da bai sa waɗannan a bayanta ba, ita ce masu sukarsa ke kira tsoro. Sai a Yuli 1995 shugaba Jacques Chirac ya amince a bainar jama'a cewa hukumar Faransa na da hannu a kwashe Yahudawan.