Malam Aminu Kano da Zamansa a Ƙasar Zamfara

Matafiyin da ya tashi daga Tsafe ya ratsa Gusau, ya wuce Bunguɗu bisa hanyar Sakkwato, garin Maru zai tarar a gabansa. A makarantar horon malamai ta wannan gari ne Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, ya yi aikinsa na ƙarshe na malanta, kafin ya ajiye alli a 1950 ya rungumi siyasa.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Genawa, gidan ilimi da alƙalanci. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi daga 1942, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sannan ya tafi Ingila ƙaro ilimi a 1946. Bayan komowarsa ne aka tura shi Maru, can nesa da manyan birane.

To, ƙasar da ya tarar, wadda a lokacin tana cikin Lardin Sakkwato, ƙasar noma ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau, gyaɗa da auduga suke ta kwarara zuwa kantunan Turawa, amma mai noman bai ga canji a jikinsa ba. Kaka na yi, haraji na bakin ƙofa. Bafillace na ɓoyon shanu saboda jangali. Ga aikin tilas, ga gaisuwar masu sarauta. Wanda ya kasa biya, ko dai ya sayar da hatsin ci, ko ya tafi cin rani. Abin da ya fi wannan ciwo, a ganina, shi ne yadda aka ɗauki talauci tamkar gado, kamar yadda ɗan maƙeri ke gadon ƙira. Ni kaina na taso na iske tsofaffin gidanmu ba su ambaton wancan zamani da fushi, sai dai da haƙuri.

Wannan tunani ne Malam ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Bai musanta ƙaddara ba, don shi ma malamin tafsiri ne. Ya dai rarrabe tsakanin rashin da Allah ya jarrabi bawa da shi da rashin da ɗan'adam ya ɗora wa ɗan'uwansa. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ya zama shugabanta a 1953. A bakin 'yan Sawaba kalmar talaka ta tashi daga sunan raini ta koma sunan mai haƙƙi, duk da ɗauri da bulala da da yawansu suka sha.

Ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe kwamishinan tarayya zamanin Janar Gowon, ya kafa PRP a 1978. Da jam'iyyar ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta suka soke haraji da jangali. Sakkwato kuwa, wadda Maru ke cikinta a lokacin, NPN ta zaɓa.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Aka rufe shi a gidansa na Gwammaja, wanda daga baya ya zama cibiyar nazari ta Mumbayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.